Kwalin da 'yan sanda suka kai da hannunsu: farmakin gidan magajin garin Berwyn Heights

Da yammacin Talata, 29 ga Yulin 2008, Cheye Calvo ya dawo daga aiki ya tarar da wani ƙaton kwali ajiye a barandar ƙofar gidansa, da sunan matarsa a jiki. Bai ɗauka nan take ba, domin karnukansa biyu, Payton da Chase, suna jiran ya fita da su zagayen unguwa kamar yadda ya saba. Da suka dawo ya ɗauki kwalin ya shiga da shi, ya ɗora a kan tebur, ko buɗewa bai yi ba, ya haye sama canza kaya saboda yana da taro a daren. Calvo shi ne magajin garin Berwyn Heights, wani ƙaramin gari mai mutane wajen 3,000 a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, 'yar tafiya kaɗan daga birnin Washington. Magajin gari a irin wannan wuri ba shi da jiniya ko 'yan rakiya. Muƙamin aikin gefe ne, abincinsa yana samu ne a wata ƙungiya mai kula da makarantun kwana.

Surukarsa tana kicin tana girki. Ta taga ta hango wasu maza cikin baƙaƙen kaya, fuska a rufe, bindigogi a hannu, sun nufo gidan a guje. Ta kwarma ihu. Kafin Calvo ya gane abin da ke faruwa ya ji an ɓalle ƙofa, sai ƙarar harbi. An harbe Payton a kusa da kicin. Chase ya juya da gudu, shi ma aka bi shi da harsashi. Aka kwantar da surukar rubda ciki a ƙasa, aka ɗaure mata hannu, ga jinin kare na malala kusa da ita. Calvo kuwa, daga shi sai gajeren wando, aka umarce shi ya sauko daga bene da baya da baya, hannu a sama, sannan aka ɗaure shi. Ya faɗa daga baya cewa a wannan lokacin ya ɗauka 'yan fashi ne suka shigo. Da ya ce musu shi ne magajin garin, ba su yarda ba.

Wajen awa huɗu suka yi a gidan suna birkita kaya, suna taka jini suna yawo da shi ɗaki ɗaki. Ba su samu komai ba sai kwalin nan, a rufe yadda ya zo. Suka ɗauke shi suka tafi ba tare da sun kama kowa ba.

A cikin kwalin akwai tabar wiwi kilo 14 da rabi. Kamfanin FedEx ne ya ɗauko shi, kuma tun yana kan hanya, a jihar Arizona, karen 'yan sanda mai sansano ƙwaya ya tona shi. Jami'an can suka sanar da 'yan sandan gundumar Prince George's, su kuma suka karɓi kwalin, suka samo takardar izinin bincike daga alƙali, sannan suka yi shigar masu kai saƙo suka kai shi gidan da kansu. Surukar Calvo ce ta ce musu su ajiye a baranda. Wato tabar da aka fasa ƙofa domin a kama, sa'o'i kaɗan kafin nan tana hannun hukuma, hukuma ce ta ajiye ta a bakin ƙofar, ta koma gefe tana jira wani ya shigar da ita ciki.

Wannan dabara ta kai kaya a ɓoye a ga wanda zai karɓa ba sabuwa ba ce, kuma ba laifi ba ce. Amfaninta yana ga abin da aka yi kafinta da bayanta: a binciki mai adireshin, a san ko waye, a ga ko zai buɗe, ko zai kira wani, ko zai fita da kayan. A wannan karon duk abin da 'yan sanda suka riƙe shi ne suna da adireshi a jikin kwali. Ko 'yan sandan garin Berwyn Heights, waɗanda suka san gidan da mutanen cikinsa, ba a tuntuɓa ba. Shugabansu na lokacin, Patrick Murphy, bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce babu wanda zai gaya masa cewa shugaban 'yan sandan gari ba zai iya ƙwanƙwasa ƙofar magajin garinsa a buɗe masa ba. Akwai ma wani haɗarin da rashin sanarwar ya jawo: da ɗan sandan garin mai sintiri ya ci karo da mutane masu rufaffiyar fuska suna kutsawa gidan magajin gari da makamai, ba abin mamaki ba ne ya buɗe musu wuta.

Mako guda da 'yan kwanaki bayan farmakin gaskiya ta fito. 'Yan sanda suka sanar da kama mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mai kai saƙonni ne. Dabararsu ita ce a rubuta sunan mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba a kan kwali, idan kaya suka iso mai kai saƙon ya karkatar da su, ko a ajiye a bakin ƙofa wani ya zo ya ɗauke kafin masu gida su ankara. An kama tabar da ta kai kilo 189 a wannan harƙalla. Ko da hakan ta bayyana, shugaban 'yan sandan gundumar, Melvin High, da farko iyakar abin da ya yarda ya faɗa shi ne mai yiwuwa ne iyalin ba su da hannu. Sai daga baya ya kira Calvo a waya ya wanke shi da matarsa, ya nuna takaicin mutuwar karnukan, amma bai nemi gafara a kan farmakin ba.

Batun takardar izinin binciken shi ne ya fi jan hankalin masana shari'a. A Amurka gyara na huɗu na tsarin mulki ya hana hukuma binciken gida ko kama kaya ba bisa hujja ba, kuma akwai tsohuwar ƙa'ida da suka gada daga Ingila, tun wata shari'a ta 1604, cewa jami'i ya ƙwanƙwasa, ya faɗi ko shi waye da abin da ya kawo shi, ya ba mai gida dama ya buɗe kafin a fasa ƙofa. Akwai kuma wata takarda ta musamman da alƙali ke bayarwa wadda ta yarda a shiga ba sallama, idan an nuna masa cewa ƙwanƙwasawa za ta jefa jami'ai cikin haɗari ko ta sa a lalata shaida. Jihar Maryland ta sa wannan a dokarta a 2005. Da farko kakakin 'yan sanda ya ce irin wannan takarda suka riƙe. Calvo bai ga takardar da idonsa ba sai bayan kwana uku, kuma da aka duba, ta gama-gari ce, wadda ta wajabta ƙwanƙwasawa. Ba a ma nemi ta shiga ba sallama ba.

Sai bayani ya sauya. Aka ce ihun da surukar ta yi ne ya tilasta musu kutsawa, domin ihun ya tona asirin zuwansu, mai yiwuwa wani a ciki ya ɗauko makami ko ya ɓatar da tabar. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya. Mace tana girki ta ga mutane da bindigogi, fuska a rufe, sun nufo ta a guje, me ake so ta yi in ba ihu ba? Idan ihun wanda aka tsorata ya isa hujjar fasa ƙofa, to duk rundunar da ta zo cikin wannan shiga ta zo da hujjarta a aljihu, kuma sharaɗin ƙwanƙwasawa da alƙali ya sa ya zama rubutu kawai. Hujjar ɓatar da shaida ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Ana kafa ta ne a kan ƙullin hodar ibilis da za a iya zubawa a masai a kora da ruwa cikin daƙiƙa biyar. Kilo 14 da rabi na ganye ba ya bin bututun masai, kuma 'yan sanda sun riga sun ga abin da ke ciki, gidan kuma a kewaye yake.

Me ya sa jami'ai ba sa jin tsoron karya wannan ƙa'ida? Amsar tana cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka na shekara goma sha uku da suka gabaci lamarin. A 1995, a shari'ar Wilson da jihar Arkansas, kotun ta tabbatar cewa ƙwanƙwasawa da sanarwa ɓangare ne na kariyar tsarin mulki. A 1997, a shari'ar Richards da jihar Wisconsin, ta ƙi yarda a ce duk binciken ƙwaya an yafe masa ƙwanƙwasawa, amma ta bar wa jami'ai damar yanke shawara a bakin ƙofa idan suna da zato mai ma'ana na haɗari. A 2003 ta ce jiran daƙiƙa 15 zuwa 20 ya wadatar, a shari'ar wani mutum a Las Vegas da aka fasa wa ƙofa yana wanka. Sannan a 2006, a shari'ar Hudson da jihar Michigan, alƙalai 5 suka rinjayi 4 a kan cewa ko an karya ƙa'idar, shaidar da aka samu a gidan tana nan daram, ba za a yi watsi da ita a kotu ba. Ƙa'idar tana nan a littafi, amma an zare mata haƙora shekara biyu kafin a isa ƙofar Calvo.

Rundunar da ta fasa gidan ita ce ake kira SWAT, wato rundunar makamai da dabaru na musamman, ta ofishin sherif na gundumar. Sherif a Amurka zaɓaɓɓen jami'in tsaro ne na gunduma mai nasa dakarun daban da na 'yan sanda, kuma an aro rundunarsa ne a ranar saboda ta 'yan sandan gundumar tana wani aikin. Sunan SWAT ba baƙo ba ne a Najeriya, domin shi aka laƙaba wa rundunar da aka ce za ta maye gurbin SARS a Oktoban 2020. Asalinsa birnin Los Angeles ne a ƙarshen shekarun 1960, bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965, kuma ana danganta kafa ta da Daryl Gates, wanda daga baya ya zama shugaban 'yan sandan birnin. An ƙirƙire ta domin abin da ya fi ƙarfin ɗan sanda na yau da kullum: garkuwa da mutane, maharbin da ya laɓe a saman gini, ɗan bindigan da ya kulle kansa a gida. A irin wannan hali tashin hankali ya riga ya faru, rundunar na zuwa ne ta kashe wutar.

Yaƙi da miyagun ƙwayoyi na shekarun 1980 ne ya juya aikin. Kuɗin tallafi daga gwamnatin tarayya, da dokokin da suka ba 'yan sanda damar riƙe dukiyar da suka ƙwace a binciken ƙwaya, da kayan soja da ma'aikatar tsaro ke rabawa kyauta a ƙarƙashin shirin da ake kira 1033, duk sun sa ƙananan garuruwa ma suka kafa tasu. Garkuwa da mutane kuwa ba kullum ake yi ba. Rundunar da aka kashe wa kuɗi aka horar dole a nema mata aiki, aikin da ke samuwa kowace rana kuma shi ne kai takardar bincike. Peter Kraska, malamin jami'ar Eastern Kentucky da ya daɗe yana bin lamarin, ya ƙiyasta cewa fitar irin waɗannan runduna ta tashi daga kusan 3,000 a shekara a farkon shekarun 1980 zuwa fiye da 40,000 a shekarun 2000. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta duba fita sama da 800 na 2011 da 2012, ta samu kashi 79 cikin ɗari na binciken gida ne, kashi 7 kacal ne na garkuwa ko ɗan bindiga. A gidan Calvo babu wani tashin hankali kafin ƙarfe bakwai na yamma. Rundunar ce ta zo da shi.

Wani zai ce, to ai karnuka ne suka mutu, ba mutane ba. A wurin Ba'amurke karen gida ɗan gida ne, yana kwana a ɗaki, yana da suna da likita, kuma Calvo da matarsa haka suka ɗauki nasu. Amma ko a ajiye wannan a gefe, gawar karnukan ita ce shaidar da ba ta iya canza magana. Jami'an sun ce sun ji barazana ne suka yi harbi. Binciken da likitan dabbobi na ma'aikatar gona ta jihar ya yi ya nuna an harbi ɗaya sau huɗu, ɗaya sau biyu, kuma harsashi ɗaya ya samu na biyun a ƙafar baya, abin da ya dace da maganar Calvo cewa gudu yake yi. Harsashi shida ke nan a cikin gidan da mutane biyu marasa makami suke, ɗaya daga cikinsu tana 'yan taku kaɗan daga inda ake harbin. Da Calvo yana da bindiga a ɗakinsa, kamar miliyoyin Amurkawa, ya ɗauko ta yana zaton 'yan fashi ne, da labarin da za a bayar daban ne, kuma da wuya a samu mai ba da nasa ɓangaren. Hakan ta faru a Atlanta a 2006, inda 'yan sanda suka kashe wata tsohuwa mai shekara 92 a gidanta bayan ta yi harbi sau ɗaya a kan masu fasa mata ƙofa.

Masu kare wannan salon aiki suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Dillalan ƙwaya da yawa suna riƙe makamai, jami'i bai san abin da ke bayan ƙofa ba, an kuma sha kashe 'yan sanda a bakin aiki. Suna cewa shiga da sauri da ƙarfi yana ruɗa na ciki kafin ya yi tunanin ɗaukar bindiga. Sai dai wannan hujja tana buƙatar a fara sanin wanda ke cikin gidan. Rashin sani da ya samo asali daga rashin bincike ba zai zama dalilin ɗaukar mafi tsananin mataki ba. Ruɗanin da ake nema kuma yana cin kowa: mai laifi da marar laifi duk ba su san ko su waye suka shigo ba. Ga hanyoyi masu sauƙi da suka kasance a buɗe a ranar. Calvo ya fito titi da karnukansa a gaban idon jami'an da ke laɓe cikin motoci, ana iya tare shi a nan. Ana iya kewaye gidan a kira na ciki su fito. Ana iya ɗaga waya a kira Murphy.

Abin da ya biyo baya ya fi farmakin kansa nuna inda matsalar take. Hukumar FBI ta buɗe bincike a kan ko an take haƙƙin iyalin. Ofishin sherif ya binciki kansa, a Yunin 2009 Sherif Michael Jackson ya fito ya ce mutanensa sun yi aikinsu yadda ya kamata, ba wanda ya yi laifi. A wata fuska gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne abin tsoron: ba wanda ya kauce wa tsarin da aka koya masa. A 2010, yana neman kujerar shugaban gundumar, aka sake yi masa tambayar, ya ce ko a daren nan za su sake yin haka. Ya faɗi zaɓen fidda gwani. Melvin High kuma ya tsaya takarar sherif a shekarar ya ci, ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 2022. Ƙarar da Calvo ya shigar a 2009 ta ƙare da sulhu a Janairun 2011, aka biya kuɗin da ba a bayyana ba, gundumar ta kuma amince ta gyara ƙa'idojin fitar da rundunar da yadda ake yi da dabbobin gida.

Calvo ya sha faɗa cewa abin da ya bambanta shi da sauran waɗanda aka yi wa haka shi ne muƙaminsa. Shi farar fata ne, magajin gari, 'yan jarida na ɗaukar wayarsa. Gundumar Prince George's kuwa mafi yawan mazaunanta baƙar fata ne, kuma a lokacin farmakin 'yan sandanta suna ƙarƙashin sa idon ma'aikatar shari'a ta tarayya tun 2004 saboda ƙorafin wuce gona da iri. Bayan labarinsa ya bazu mutane suka riƙa kawo masa nasu. Da ya nemi sanin sau nawa ake irin wannan farmaki a jihar, ya tarar babu mai lissafi. Saboda haka abin da ya je nema a majalisar jihar ƙarami ne ƙwarai: a riƙa ƙirgawa. Ƙungiyoyin 'yan sanda suka yi adawa da ko wannan, amma dokar ta wuce, Gwamna Martin O'Malley ya sa mata hannu a 2009. Ta wajabta wa duk hukumar da ke da rundunar SWAT ta kai rahoto duk wata shida: sau nawa ta fita, ina, a kan wane dalili, an fasa ƙofa ko a'a, an yi harbi, an ji wa mutum ko dabba rauni. Ita ce irinta ta farko a duk Amurka.

Rahoton farko, na watanni shidan ƙarshen 2009, ya nuna fita 804 a jihar, wato sama da huɗu kowace rana. Kashi 94 cikin ɗari na kai takardar bincike ne ko ta kama mutum. Gundumar Prince George's ita kaɗai tana da 195, kuma fiye da rabinsu a kan ƙananan laifuka ne ko waɗanda ba na tashin hankali ba. An ci gaba da tattara alƙaluman shekara biyar, sannan wa'adin dokar ya ƙare a 2014 majalisa ba ta sabunta ta ba, a shekarar da jihar Utah ta kafa irin tata.

Sai da 'yan sanda suka kashe wata mata mai suna Breonna Taylor a birnin Louisville na jihar Kentucky a Maris na 2020, a wani binciken ƙwaya na tsakar dare da ba a samu ƙwaya ba, sannan maganar ta dawo da ƙarfi. A 2021 majalisar Maryland ta tsallake ƙin amincewar Gwamna Larry Hogan ta kafa sababbin dokoki: takardar shiga ba sallama sai da amincewar babban jami'i da mai gabatar da ƙara, kuma in ba da larura ba sai tsakanin ƙarfe 8 na safe da 7 na yamma za a yi aiki da ita. Waɗannan sharuɗɗa biyu sun shafi takardar shiga ba sallama ce. Wadda aka fasa ƙofar Calvo da ita a 2008 ta gama-gari ce, mai cewa a ƙwanƙwasa.